Gorunan da Ke Cikin Mataccen Firji

Tun ina ɗan shekara goma ake kirana Fotokwafi. Wani maƙwabcinmu mai shagon buga takardu ne ya laƙaba mini, ranar da ya hango mu ni da Baba muna tafe a jere, kowa kafaɗarsa ta hagu a karkace, kowa yana jan ƙafa iri ɗaya. Sunan ya bi ni makaranta, ya bi ni wurin koyon gyaran firji. Yau 'ya'yana biyu, amma ko masu kawo mini aiki da shi suke nemana. Ina yaro daɗinsa nake ji. Sai da na yi wayo na gane cewa a gidanmu kama da Baba ba abin yabo ba ne.

Baba ma'aikacin lantarki ne, kuma giya ce ta kashe shi ina da shekara goma sha bakwai. Ba irin mashayan da ake tsinta a bakin kwata ba ne. Ban taɓa ganin ya yi tangaɗi ba, ban taɓa jin harshensa ya karye ba. Abokan aikinsa har alfahari suke da shi, wai zai sha abin da zai kwantar da mutum uku sannan ya hau falwaya ya ɗaura waya ba kuskure. Hantarsa ce ta gaji. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka koma rawaya, wata huɗu a gado aka gama. Ƙaninsa ya bi shi da shekara uku, ciwo iri ɗaya. Kakanmu ma, in an yi maganarsa, sai a rage murya.

Daga nan Mama ta sa mini ido. In na shigo gaishe ta sai ta ce, "Matso nan, wuyan rigarka ya naɗe." Wuyan rigata bai taɓa naɗewa ba. Tana gyara shi tana jan numfashi ta hanci a hankali, ni kuma ina riƙe nawa kamar mai laifi. Shekara goma sha tara muna wannan wasan, ba wanda ya taɓa kiran sunansa.

Gaskiya ɗaya na ɓoye mata. Sau ɗaya na taɓa ɗanɗanawa, ina koyon aiki, da zugar abokai. Ko rabin kofi ban kai ba fuskata ta ɗau zafi, zuciyata ta hau bugu kamar za ta fasa ƙirji, na yi amai har na ga kamar hanjina zai biyo. Kwana biyu kaina na sarawa. Tun daga ranar ko warinta na ji sai cikina ya juya.

Yaya kuwa ba wanda ya taɓa gyara mata wuyan riga. Ta girme ni da shekara huɗu, kuma Mama ta ɗauko sak, har ɗan tabon da ke gefen hanci. Shugabar makarantar firamare ce. Ita ta yi jinyar Baba, ita ke rubuta wa Mama lokutan shan maganin hawan jini a takarda ta manna a bango. Kullum in an tashi makaranta sai ta biya gidan Mama kafin ta wuce nata gidan. In dangi suna son tsawata wa 'ya'yansu, da ita suke misali.

A bayan gidan Mama akwai wani ɗakin ajiya da nake zuba firjin da suka mutu, ina ciran kayan gyara a jikinsu. Makulli biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a rataye a ƙusa kusa da ƙofar kicin. Wata ranar Laraba da la'asar Mama ta kira ni a waya. Ba gaisuwa, ba komai.

"Ka zo yanzu."

Na same ta zaune a falo, hannuwanta a kan gwiwa. Yaya na tsaye jikin taga da jakar makarantarta a kafaɗa. A kan tebur akwai gorunan roba uku, irin na ruwan sha da ake sayarwa a kowane shago. Biyu a cike, ɗaya saura kwata.

"Wari nake ji kwana biyu, na ce ko ɓera ne ya mutu a ɗakinka," in ji Mama. "Na shiga dubawa. Ɓeran yana nan a bayan ƙofa, na fitar da shi. Waɗannan kuma a cikin koren firjin nan na same su, can sama wurin ƙanƙara. Buɗe ka shinshina."

Ban buƙaci kai hancina ba. Ina murɗe murfin warin giya ya bugo ni, yawu ya cika mini baki.

"Mama, wallahi ba nawa ba ne."

"Na ɓeran ne?"

"Ban san na waye ba. Makulli yana rataye a ƙusa, kowa na iya ɗauka."

"Kowa wa? Ni?" Muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Haka ubanka yake rantsuwa. Har yadda kake ɗaga hannun nan, haka yake yi. Na sani tun ranar da aka miƙo mini kai a asibiti na ga fuskarka. Jini ne, ba yadda zan yi."

Na juya wajen Yaya ina jiran ta ce wani abu. Ta san ni, ta san ko maganin tari mai ɗaci ba na iya sha. Ta daɗe tana kallon waje, sannan ta zo ta tattara gorunan ta rungume su.

"Mama, jininki zai hau. Bari in zubar da su. Auta, ka tafi gida, za mu yi magana."

Ba mu yi maganar ba.

Mama ba ta kai labarin waje ba, amma ta kira matata. Na gane haka ne washegari da safe, da na tayar da babur zan kai yara makaranta kamar kullum. Matata ta fito da mayafinta ta riƙo hannuwansu.

"Bari in raka su da ƙafa yau, Baban yara. Ina son in motsa jiki."

Kashegari ma motsa jikin take so. Rana ta uku na dawo daga banɗaki na tarar jakar kayan aikina a buɗe, an mai da sukudireba wurin filaya. Da na shigo da yamma sai ta tarye ni a ƙofa da fara'a, ta matso kusa fiye da yadda ta saba, ta ce na sha rana. Shekara tara da aurenmu, ranar na fara jin tana shinshina ta.

"Ke ma?" na ce.

"Ni ma me?"

"In tambaya gare ki, ki yi ta da baki."

Ta sauke ido. "Ban ce kana sha ba. Amma Mama ta ce Baba ma shekara shida ya yi tana kwana ɗaki ɗaya da shi ba ta sani ba. Me kake so in yi? Yaran nan a bayanka suke hawa."

Da ni ne ita, abin da zan yi ke nan. Na zauna a bakin gado na cire takalmi, na yanke shawara sai na gano mai gorunan.

Wanda ya fara zuwa raina mijin Yaya ne. Mai walda ne, ƙato, mai dariya da ƙarfi, idanunsa kullum jajur, kuma bakinsa ba ya rabuwa da alewar minti. Yakan zo gidan Mama ɗaukar Yaya wani lokaci, ya zagaya baya wai zai yi fitsari. Da na jera waɗannan abubuwa sai na ji haushin kaina da ban gane tun da wuri ba. Wata Asabar na rufe shago da rana na laɓe a tsallaken garejinsa. Da ya fito na bi shi daga nesa, layi biyu, uku, har ya shiga wani lungu yana waige-waige. Na ce yau dai na kama shi. Kantin magani ya shiga. Ta gilashi na hango shi ya ɗaga kai sama, mai kantin yana ɗiga masa maganin ido. Ya fito yana ƙifce-ƙifce, ya gan ni.

"A'a, Fotokwafi! Firjin wa ya mutu a unguwar nan?"

Na ƙirƙiro sunan layin da babu shi. Ya miƙo mini alewa. Na karɓa ina shinshina hannunsa, na ji kunyar kaina har tafin ƙafa.

Duk da haka ban wanke shi ba. Bayan mako biyu na koma ɗakin ajiya na bincike shi kamar ɗan sanda. Koren firjin ba komai. Na buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya, na ja su daga bango. A bayan wani ƙaramin fari, a ramin da na cire injinsa tun bara, na sami gora ɗaya a naɗe cikin tsohon tsumma. Cike take har wuya. Na ɗauki bakin sukudireba na yi mata ɗan zane daidai inda ruwan ya tsaya, na mai da ita yadda na same ta.

Washegari da yamma ruwan ya sauka da faɗin yatsu huɗu. Na kira mijin Yaya da hujjar ina neman aron injin yanka ƙarfe, ya ce ai tun shekaranjiya yana wani gari suna haɗa rufin sito, sai ƙarshen mako. Ina jin ƙarar guduma a bayansa.

Na tsaya a ɗakin nan da gorar a hannuna ina lissafa waɗanda suka shiga gidan ranar. Matata ta kawo wa Mama wankinta da hantsi. Yaya ta biya bayan makaranta. Sai Mama da kanta, wadda ke kwana ta tashi da makullin a gabanta.

Ba zan ɓoye ba, Mama na zarga. Na ce a raina, shekara nawa tana zaune ita kaɗai a gidan nan? Wa ya san abin da ta koya a zama da Baba? Ƙila ma ta fito da gorunan farko ne don ta ji Yaya na neman ganowa, ta ɗora mini. Na fara lura da yadda take barcin rana mai nauyi, da yadda take dafa bango in za ta tashi. Na zargi matata ma, na tuna kwanan nan ta faye wanke baki. Na kai matsayin da in mutum ya yi mini murmushi sai in tambayi kaina me yake rufewa. Sunan Yaya yakan gifta a raina, in ture shi kamar an ce mini bango ne ke sha.

Sai na yi dabara. Na tuttular da abin da ke gorar a magudana, na ɗauraye ta, na cika ta da ruwan famfo daidai inda na same ta, na naɗe na mayar. Na ce ko waye, in ya kurɓa zai san an gano shi, ni kuma zan karanta a fuskarsa.

Ban samu na karanta fuskar kowa ba. Washegari da safe Mama ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye. Maƙwabta suka kira Yaya daga makaranta, ta bi motar asibiti da kayan da ke jikinta. Aka ce sai an yi aiki, kuma sai an saukar da hawan jinin tukuna. Ɗakin mata ne, mutum ɗaya ake bari ya zauna da majinyaci, mace. Matata ta ce za su riƙa karɓa-karɓa, Yaya ta ce a'a da farko, ita ta san magungunan Mama. Daga baya da ta so ta fita, sai ga likitoci na ta zarya, kowane ya zo ita yake nema da tambaya. Kwana biyu ba ta taka ƙofar asibitin ba.

Ranar ta uku na zo da hantsi da shayi a filas. Na same ta a baranda, zaune a benci, ta matse hannuwanta a tsakanin cinyoyi. Gari ba zafi amma gumi ya jiƙa mata goshi har yana ɗiga daga haɓa. Na zuba mata shayi na miƙa. Kofin ya hau kaɗawa a hannunta, rabi ya zube a siket ɗinta.

"Yaya, zazzaɓi ne? Bari in kira nas."

"Rashin barci ne. Kai ni gidan Mama in ɗauko mata zannuwa."

"Ai na kawo jiya. In wasu kike so, faɗa mini inda suke."

"Ba za ka gane su ba."

"To matata za ta..."

"Na ce ka kai ni!" Mutanen da ke benci na gaba suka waigo. Tunda nake ban taɓa jin Yaya ta ɗaga murya a gaban baƙi ba, ko ga ɗalibai ido kawai take yi. Ta sassauta. "Don Allah, Auta. Minti goma."

A kan babur ina jin rawar jikinta a bayana. Muka isa. Ta ce in jira a waje in riƙe mashin ɗin a kunne. Na jira har na ƙirga ashirin, sannan na kashe na bi ta. Ɗakin Mama a rufe yake. Ƙusar da ke kusa da ƙofar kicin ba makulli.

Tana durƙushe a bayan ƙaramin farin firjin, tsumman a ƙasa, gorar a bakinta tana kwankwaɗa da hannu biyu. Ta yi haɗiya uku kafin ta gane. Ta sauke gorar ta dube ta, ta shinshina, sannan ta juyo ta gan ni a bakin ƙofa.

"Kai ka zuba ruwa?"

"Ni ne."

Na zaci kunya za ta ji, ko ta yi kuka. Tsoro na gani a idonta. "Ina ka kai? Ka zubar duka? Auta, ba ka san abin da ka yi ba." Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Ta zauna daɓas a ƙasa cikin ƙura da wayoyi, jikinta na karkarwa, tana cewa akwai wasu abubuwa na tafiya a bango. Ba komai a bangon.

Mai tasi na tare, muka koma asibitin da muka baro, wannan karon ta ƙofar gaggawa.

Likitar da ta karɓe ta wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Bayan an yi wa Yaya allura ta samu barci, ta kira ni ofishinta ta tambaye ni yaushe rabon Yaya da sha. Na ce ina jin kwana uku. Ta ce Allah ya taimaka na kawo ta da wuri, don wanda jikinsa ya saba sosai in ya yanke lokaci ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga, har a rasa shi. Na tuna ruwan famfon da na zuba ina jin kaina mai wayo.

"Akwai masu sha a gidanku?"

Na lissafa mata Baba, da ƙaninsa, da kaka. Sannan na ce, "Amma Likita, ni ne mai kama da shi. Yaya kuwa Mama ta biyo. Ko baƙo ya gan mu zai faɗa miki."

Ta ɗan yi murmushi. "Abin da ke tsara hanci da kafaɗa daban, abin da ke tsara yadda jiki ke karɓar giya daban. Ba a dunƙule ake gadonsu ba. Kowane ɗa da irin rabon da yake ɗauka daga uwa da uba. Kai ka taɓa sha?"

Na ba ta labarin rabin kofina da aman da na yi. Ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa.

"To ka ga, kai jikinka da wuri yake yi maka ihu. Mai yiwuwa wannan ne ya tsare ka. Mahaifinka fa, yana buguwa da sauri?"

"Ko kaɗan. Har yabonsa ake yi."

"Wannan ba ƙarfi ba ne, haɗari ne. Wanda ba ta kama shi da wuri yakan sha da yawa kafin ya ji wani abu, ba wanda zai gani a tafiyarsa balle ya tsawata masa, hanta kuwa tana karɓar duka. Irin wannan jikin yana bin jini. Masu bincike sun ce kusan rabin haɗarin kamuwa daga gado yake, kuma ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, tarin ƙanana ne. Sauran rabin rayuwa ce, abin da mutum ya gani, da abin da ya same shi, da abin da ke kusa da hannunsa. Da yawa sun gada ba su taɓa kamuwa ba."

"'Ya'yana biyu," na ce. "Akwai gwajin da za a yi a san wanne ne?"

"Babu gwajin da zai gaya maka haka. Kuma da akwai, me za ka yi wa wanda aka nuna? In sun yi hankali ka gaya musu tarihin gidanku, su biyun, a zaune ɗaya."

Mijin Yaya ya iso da azahar, ko kayan aiki bai cire ba. Na tare shi a wurin ajiye motoci. Ina fara magana ya ɗaga hannu.

"Na sani. Shekara bakwai da na sani."

"Ka sani?"

"Me ya sa kake jin take ɓoyewa a gidan Mama? Na hana ta sakat a namu gidan. Ba lungun da ban bincika ba, har tankin banɗaki. In na zo ɗaukarta na zagaya baya, nema nake yi, ban dai taɓa tunanin cikin firji ba."

"Da aka ce nawa ne fa? Ka ji, ko ba ka ji ba?"

Ya goge fuska da tafin hannu. "Na ji. Ta roƙe ni. Ta ce kai dama ana zarginka, ba abin da zai ƙaru, ita kuwa in ya fita aikinta ya tafi. Na san ban kyauta ba."

"Matata ta daina barin yarana su hau bayana."

 Na bar shi tsaye a nan da hular waldarsa a hannu.

Kwana biyu ban shiga wurin Yaya ba. Ina zuwa in duba Mama, wadda aka gaya wa zazzaɓi ne ya kwantar da 'yarta a ɗaya ɓangaren, in wuce ta gaban ɗakin in tafi. Rana ta uku nas ta tsayar da ni ta ce ana nemana. Yaya na zaune a gado, ba ɗankwali, ta rame, hannunta ya daina rawa sai ɗan kaɗan.

"Zauna, Auta. Ba sai ka yafe mini ba, ka dai ji."

Ta ce bayan rasuwar Baba ita aka sa ta kwashe kayan ɗakinsa. A cikin akwatin kayan aikinsa ta sami kwalba biyu. Ta rufe ƙofa ta zauna tana kallonsu, tana son ta san mene ne wannan abin da ya fi mu a wurinsa. Ta sha kofi ɗaya ba ta ji komai ba. Ta ƙara, ta ƙara. "Ban bugu ba. Kawai dai kaina ya yi shiru. Wata huɗu ina jin nishinsa a kunnena, ranar ya tsaya. Na fito na ci gaba da ninke kaya, Mama har tana sa mini albarka." Daga nan sai jefi-jefi, in jarrabawa ta matso, in ta yi ɓari, in mai duba makarantu zai zo. Ba ta san ranar da ya zama kullum ba.

"Duk lokacin da Mama ke gyara maka riga ina tsaye a gefe da giyar a cikina," ta ce. "Wani lokaci har so nake ta juyo ta shinshina ni. Ba ta taɓa ba."

"Ke za ki gaya mata," na ce. "Ba ni ba."

Sai da aka yi wa Mama aiki ta fara takawa da sanda sannan Yaya ta gaya mata, a falo, ina zaune, matata na zaune. Mama ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta girgiza kai.

"Ƙarya kike. Rufa masa asiri kike yi. Tun kuna yara haka kike, in ya fasa kofi ki ce ke ce."

Yaya ta fito da katin asibiti da magungunanta ta ajiye a gabanta. Mama ta ture su da bakin sanda. Matata ce ta tashi ta fita tana kuka, da muka koma gida ta durƙusa ta ba ni haƙuri, na ce ta tashi, ba ita ta fara ba.

Mama ta ɗauki kusan wata biyu kafin ta yarda, kuma ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Wata rana dai na zo na tarar ta sa an kira masu gwangwan sun kwashe matattun firjina duka, har da biyu da nake da niyyar tayarwa. Da na yi magana ta ce ɗakin take so, za a sa gado, 'yarta za ta riƙa hutawa a nan in ta taso aiki, ƙofa a buɗe. Ni kuma ta ce in na tashi zuwa ranar Lahadi in zo da yaran a kan mashin, ta kwana biyu ba ta gan su ba. Iyakar haƙurin da na samu ke nan, na karɓa.

Yaya ta ɗauki hutun rashin lafiya na zango ɗaya, ta koma aiki. A makaranta ciwon hanta suka sani, kuma ba ƙarya ba ne, gwaji ya nuna hantar ta taɓu amma likita ta ce in an daina sha za ta iya farfaɗowa. Duk ranar Talata da ƙarfe huɗu take ganin likitar. Mijinta ya so ya riƙa kai ta, ta ce ni take so, don shi da ya ga ta ɓata fuska sai ya tausaya ya juya mota.

Yanzu wata takwas ke nan. Ba zan ce ta warke ba, don ban sani ba, kuma na daina yin kamar ana gane wannan a fuska. Talatar da ta wuce na jira ta a bencin waje fiye da yadda aka saba. Da ta fito ta zauna kusa da ni maimakon mu wuce.

"Na sha ranar Alhamis," ta ce. "Kofi biyu, a ofis, bayan iyayen yara sun tafi. Na gaya wa likita. Na ce bari in gaya maka kai ma kafin ka ji a wani wuri."

"Mijinki ya sani?"

"Yau zan gaya masa. An ƙara mini rana, har da Juma'a yanzu. Za ka samu dama?"

Juma'a ce ranar da nake zagayen kantunan da nake duba wa injin sanyi. Na ce zan mai da su Asabar. Ta ɗauki jakarta, muka gangara wurin da na ajiye babur.